Ramar da Aka Yi wa Tafi

Assalamu alaikum. Sunana Hajiya Dija, dillancin shinkafa nake yi a Jimeta. Ina sayo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a hannun manoman Vinikilang, can ƙetaren gada, in sa a turara, a kai inji, in ɗura a buhu in sayar wa masu shago da masu gidan abinci. Da kwano na fara a bakin titi, yanzu da mota ake sauke mini kaya. Na faɗi wannan ne don a san ba mace mai saurin ruɗewa ce ke magana ba. Jinyar ƙanwata Safiya zan rubuta, wadda Allah ya tashi kafaɗunta bayan mun sha wuya. Ba don daɗi nake rubutawa ba. Har yanzu ina ganin mata da kwalin shayin rage ƙiba a jaka suna bi gida-gida, kuma wasunsu 'ya'yan ƙawayena ne.

Ni da Safiya uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya ta. Aure ya kai ta Mubi. Shekarar da aka tarwatsa garin, mutane suka yi ta kwararowa Yola ta daji, ta iso gidana a Damilu da zani ɗaya, ƙafafu a kumbure. Mijinta bai fito ba, har yau ba mu san kabarinsa ba. Lokacin in ta zauna kana iya ƙirga haƙarƙarinta ta bayan riga. Ni na zauna a kanta. Kunun gyaɗa da safe, kindirmo daga hannun matan Girei, kifi in an samu mai kyau daga kogi. Sai da ta daɗe kafin ta fara cin abinci ba tare da na tsaya a kanta ba. Da jikinta ya dawo, har ya zarce, duk wanda ya shigo shagona ya ce "Safiya ta yi kyau, ta murmure," ni nake amsawa da godiya, don aikina ne ake yabo. A wurinmu haka muka taso. In aka ce wa mace "kin rame," abin da ke biyo baya shi ne "lafiya kuwa?" Ba yabo ba ne, tambaya ce.

Bara, daf da shigowar zafi, wata mata ta zo sayen shinkafa. Hajiya Balki sunanta. Doguwa, siririya, laffaya mai tsada, ƙaramar mota tana jiran ta a waje. Rabin buhu ta saya, amma ta fi awa a shagon, kuma ba da ni take magana ba. Ta ja kujera kusa da Safiya, wadda ke riƙe mini shago in na fita.

"Ƙanwata, shekarunki nawa?"

Safiya ta faɗa.

"Kai! Na girme ki, amma wa zai yarda? Wannan jikin ba naki ba ne, na aro ne. Ki zo ranar Asabar ki ga abin mamaki."

Na ce, "Hajiya, jikin nan da kuɗina aka gina shi, ba aro ba ne."

Ta yi dariya har da dafa ni, ta ce ai ni ma ina cikin gayyata.

Ranar Asabar Safiya ta dawo da kwali. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, suna da yawa kuma duk tafiyarsu ɗaya. A ciki akwai shayin da ake sha safe da yamma, da wani gari da ake kaɗawa da madara a sha a madadin abincin rana. Ta zauna ta yi mini bayani kamar mai karatun allo. Za ka saya ka sha. Sannan ka kawo mutane su saya a ƙarƙashinka, su ma su kawo wasu. Duk wanda ke sama yana da rabo a cinikin na ƙasa. Kowane wata dole ka ɗauki sabon kaya, in ba haka ba ka sauko daga matakinka.

Na ce, "To in ba ki sayar da na wannan watan ba fa?"

"Sai in shanye. Ai ba asara."

Ni na san kasuwa. Kayan da mai sayarwa shi ne babban mai sayensa, ba ciniki ake yi ba. Na gaya mata haka. Na kuma tambaye ta, in kayan kirki ne me ya hana a ajiye shi a kantin magani kowa ya gani, sai dai ta bakin ƙawa da 'yar'uwa? Ta ce ni tsohuwar kasuwa na sani. Ta ce tana so ita ma ta sami abin kanta, ta gaji da a ce mata "ƙanwar Hajiya mai shinkafa." Wannan maganar ta shige ni. Sarƙarta ta sayar ta shiga.

Ba a yi wata ba na ji tana waya a tsakar gida tana cewa, "To Adda. Insha Allahu Adda. Yadda kika ce Adda." Na leƙo daga kicin na ce ga ni. Ta toshe bakin wayar ta ce, "Ba ke ba, Adda Balki." Tun da Safiya ta iya magana ni kaɗai take kira Adda, wato Yaya da Fulatanci. Na koma na ci gaba da tuƙa tuwona, amma ranar ya yi gudaji.

Makonnin farko gudawa ce. Hajiya Balki ta ce dattin jiki ne ke fita. Daga nan ƙishirwa. Safiya ta kan shanye ruwan leda ɗaya bayan ɗaya, ta tashi ta shiga bayi, ta dawo ta sake sha. Wa zai yi mamakin ƙishirwa a zafin Yola, lokacin da ko kujerar ƙarfe ba ta zaunuwa? Hajiya Balki ta ce alama ce mai kyau, ruwa ne ke wanke kitse. Da ta fara jin jiri da rana, aka ce ta riƙa zuba zuma a garin nan, wai zuma ba suga ba ce. Ta riƙa zubawa da cokali babba.

Kuma ta rame. Ba kaɗan ba. Rigunan da na ɗinka mata da sallah suka koma kamar na aro da gaske. Wuyanta ya fito, kumatu suka faɗa.

Zan faɗi gaskiya, abin ya ba ni sha'awa. Ni mace ce mai jiki, gwiwoyina suna ba ni wahala in zan hau motar kaya. In muka fita tare, ita ake kallo. Na ɗebi shayin nata na sha na 'yan kwanaki ban gaya wa kowa ba. Abin da na samu shi ne wata rana ana tsakiyar awo a Vinikilang, manomi yana ƙirga kwano, na bar shi a tsaye na ruga neman gidan da za su ara mini bayi. Ko zoben hannuna bai yi sako-sako ba. Daga ranar na bari. Sauran matan da Safiya ta shigar su ma haka, gudawa da ƙugin ciki, jiki yana nan yadda yake. Ita kaɗai take zubewa. Maimakon wani ya tambayi dalili, sai aka ce ita ce mai bin ƙa'ida.

Sau ɗaya na je taronsu, a zauren wani otal. Mata cike, da 'yan maza a gaba sanye da kwat cikin wannan zafi. Aka haska hoton Safiya a bango, biyu a jere. Na hagu a shagona aka ɗauka, tana zaune a kan buhu tana dariya. Na dama sabo ne. Hajiya Balki ta riƙo hannunta ta hau da ita dandamali.

"Ku dube ta! Lokacin da na tsince ta ko numfashi da ƙyar take yi. Wa ya dawo mata da rayuwarta?"

Zaure ya amsa da sunan shayin. Aka yi ta tafi.

Tsince ta. A ina ta tsince ta? Ina take ranar da yarinyar nan ta iso da ƙaya a tafin ƙafa, ina cire mata da allura tana kuka? Ina zaune a baya da jakata a cinya, ba wanda ya san ni. Da aka tashi mata suka yanyame ta. "Safiya, kin rame!" Ita kuma tana murmushi tana cewa, "Na gode, na gode." Ban taɓa jin an yi godiya a kan wannan kalma ba sai ranar.

A keke muna komawa na ce mata, "Ramar nan taki ba ta yi mini ba. Leɓenki a bushe yake, idonki ya zurma. Buhun da ya rage nauyi ban ɗebi komai a ciki ba, ba na murna, juya shi nake yi in nemi inda ya huje."

Ta ce, "Adda, ni ba buhu ba ce. Kishi kike yi."

"Kishin me?"

"Kishin an tafa mini. Kishin Adda Balki. Ke dai kin fi so in zauna a shagonki ina kumbura."

Mai keken ya rage sautin rediyonsa don ya ji da kyau. Rabin maganarta gaskiya ce, kuma ta sani. Matsalar ke nan. Abin da na gani a fuskarta daidai ne, amma da bakin mai kishi ya fito, sai ya zama ba shi da daraja. Daga ranar duk abin da na faɗa a kan jikinta, a wannan ma'aunin take sa shi.

Takalmin da ta saya don hawa dandamali, mai tsini, ya yi mata kanta a ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Wurin ya fashe. Muka sa man zafi, muka sa toka, ya ƙi kamewa. Mako ya zagayo, wani ya zagayo, ciwo ƙarami kamar ƙwayar wake yana nan yana ruwa, har gefensa ya fara baƙi. Ita kuma ta ce ba ya mata zafi. Ni a lokacin na ɗauka rashin zafin sauƙi ne.

Maƙwabciyarmu Madam Rahila, malamar firamare ce 'yar wajen Numan, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta, Baban Dauda, ya daɗe da ciwon suga. Ta shigo aron turmi ta tarar da Safiya ta miƙe ƙafa a tabarma da ledojin ruwa a gefenta. Ta duba ƙafar, ta duba fuskar, ta ja ni waje.

"Hajiya, yarinyan nan yana tashi fitsari da yawa?"

Na ce kamar famfo.

"Ki je bayi ki duba inda ya yi. In kin ga tururuwa, kar ki jira gobe. Baban Dauda haka ya fara. Mu ma mun ce zafi ne."

Na je na duba. Ga su nan, layi guda.

Na gaya wa Safiya mu tafi asibiti. Ta kira Hajiya Balki a gabana, ta sa a lasifika don in ji. Matar ta ce, "Likitoci ba sa son kayanmu, muna rage musu kasuwa. Ki ƙara kofi ɗaya, jikinki na gab da kammala wanki." Safiya ta dube ni kamar ta ci shari'a.

Ranar Talata da hantsi, ina rumbu ana sauke kaya, mai shagon kusa da nawa ya kira ni. Ya ce Safiya ta yi amai ta zube tsakanin buhuna, tana numfashi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu. Kafin in iso sun sa ta a mota.

A babban asibitin da muka je, sai da na yanki kati tana kwance a benci, kanta a cinyar wata mata da ban sani ba. Na yi faɗa da mai ba da katin, na yi faɗa da mai gadi, daga baya na koma na ba su haƙuri. Wata nas ta huda mata yatsa ta ɗiga jinin a 'yar na'ura. Ta duba, ta sake hudawa. Ta ce, "Suganta ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa." Daga nan aka daina ce mini in jira. Aka sa mata ruwa hannu biyu. Duk abin da za a sa mata sai an rubuto na fita na sayo, leda bayan leda, har da safar hannu da auduga. Na yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da kantin magani da gwiwoyin nan nawa.

Sai washegari da la'asar ta buɗe ido sosai. Ta motsa leɓe ta ce, "Adda."

Na sunkuya na ce, "Ga ni, Safiya, ga ni."

Ta ce, "Adda Balki ta zo?"

Na ce ba ta zo ba. Na gyara mata filo na fita baranda na tsaya ina kallon masu sayar da ayaba a bakin ƙofa, har zuciyata ta sauka.

Likitan da ya riƙe ta matashi ne, ba ya son dogon zance. Na kai masa kwalin shayin da garin. Ya juya su ya karanta, ya tambaye ni ko akwai mai suga a gidanmu. Sai na tuna Baba a shekarunsa na ƙarshe, da butar ruwa kullum a gefensa. Na ce masa, "Likita, shayin nan ne ya sa mata?" So nake ya ce e, in ɗauki maganar in kai inda zan kai. Ya ce, "A'a Hajiya. Ciwon yana jikinta, da shayi da ba shayi zai fito. Abin da shayin ya yi, ya ba ciwon wurin ɓuya. Ramar ta suga ce, aka ce ta shayi ce. Ga gudawa ta ƙara tsotse mata ruwa, ƙodarta ta wahala. Da tun farkon ramar aka kawo ta, da ƙwaya za mu ba ta ku koma gida." Ya sa ni ma aka gwada ni. Ni mai ƙibar ba ni da suga, sai hawan jini da ban san da shi ba.

Mako na biyu na dangi ne. Goggo Nana ta zo daga Mbamba da jarkar tsimi, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, baki ne. "An haska yarinya a bango kowa ya zuba mata ido, me kuke jira?" Kawu Buba ya ce akwai wani mai magani a wajen Garwa da ke cire suga da kaho, shi zai kai mu in na zuba wa motarsa mai. Wata ta ce shuwaka, wata ta ce a daina allurar sugar da ake mata kullum, wai in jiki ya saba da ita shi ke nan an zama bawa. Duk na ce musu na gode. Tsimin Goggo na karɓa da hannu biyu, da ta tafi na ba bishiyar darbejiyar asibiti. Amma Goggon nan ita ta zauna da Safiya duk ranar da dole in leƙa kasuwa, tana yi mata fifita tana ba ta labarin ƙuruciyarmu da Fulatanci. Allah ya saka mata.

Hajiya Balki kuwa saƙon murya take turowa. Safiya ta kan kara wayar a kunne ta juya mini baya. Sau ɗaya na ji ƙarshensa: "...kar ki bari su karya miki gwiwa, kuma wata ya kusa ƙarewa, kar matakinki ya faɗi." Ni ce ke zubar da fo, ni ke wanke zani, amma in saƙon ya shigo fuskarta takan yi wani haske da ban samu ba ko da na kawo farfesun kifi.

A mako na uku wata mata da ke jinyar uwarta a gadon gefe ta yi ta kallon Safiya. Can ta matso da wayarta.

"Baiwar Allah, ba ke ce wannan ba?"

Hoton nan ne, biyu a jere, yana ta yawo a waya.

"Wallahi ke ce! Don Allah a ina zan samu? Na daɗe ina nema. Ga shi har yanzu ba ki mayar da jikin ba, masha Allah."

Tana faɗin haka ruwa na ɗiga a hannun Safiya, ƙafarta a naɗe, ɗakin yana warin ciwonta. Na buɗe baki zan yi magana, Safiya ta riga ni. Ta ce, "Yaya, ki je ƙasa a gwada miki suga tukuna. Ba shi da tsada." Matar ta koma wurinta tana gunaguni, wai an samu hanya ana yi wa mutane rowa. Ranar ce na fara ganin Safiya ta kashe wayarta da kanta.

A makon ne likitan tiyata ya ce yatsan ba zai tashi ba, kuma na kusa da shi ya kamu. In aka jira, ƙafar ce gaba ɗaya. Safiya ta yi kuka, ta ce a bari a gwada na Garwa. Na zauna a bakin gadon na ce, "Na cire miki ƙaya a ƙafar nan. Ba zan zauna ina kallo ta ruɓe ba. Ki ce kishi ne, ki ce duk abin da kika ga dama, amma yau za a yi." Ta miƙa hannu aka ba ta biro, ta sa hannu a takardar aikin. An ɗage aikin har sau biyu, ranar farko ba wuta, ta biyu likitan yana wani aikin gaggawa. A karo na uku aka cire yatsu biyu.

Mun fi wata a asibiti. Kuɗin da ya tafi ban so in tara shi wuri ɗaya in gani, amma kakar bara ban sayi rabin shansherar da na saba saya ba, kuma wani dillali ya karɓe mini manoma biyu da muka daɗe tare. Kwalayen shayin da suka rage a ɗakinta kamfani ya ce ba ya karɓar kayan da ya fita. Ina godiya ga nas-nas ɗin ɗakin mata, har da wadda ke yi mana tsawa, don hannunta ya fi na kowa sauƙi wajen wanke ciwo. Ina godiya ga Madam Rahila, da ta koya mini yin allura a jikin lemo kafin in taɓa mutum, ta kuma nuna mini yadda ake ƙulle maganin a leda a sa a randa in an ɗauke wuta.

Masu tambayata ko a gwada irin wannan shayi, amsata a'a ce. Ni na sha, gudawa na samu. Safiya ta sha, yatsu biyu ta bari. Wanda ke son rage jiki ya je a auna shi tukuna, ya ji daga bakin wanda ba shi da rabo a cinikin. Kuma in naku ya fara ramewa yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ku yi masa tsohuwar tambayar da muka gada, ku ce lafiya kuwa, ku kai shi a huda yatsa.

Bayan sallamarmu da kamar mako biyu, wata Lahadi da yamma, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Balki ce, da ledar lemo da ƙamshinta. Ta rungume Safiya har da hawaye. Ta ce tafiya ce ta riƙe ta. Ni ta ce mini, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya," kamar 'yar aikin da aka bar wa gida. Na kawo mata ruwa, don baƙuwa ce.

Bayan gaishe-gaishe ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba mai ruwan kore.

"Wannan sabo ne, na masu suga. Wata uku kina sha za ki yar da allura. Kyauta na kawo miki, ba sai kin biya na farko ba."

Na ce, "Hajiya, mayar da abinki jaka."

Ta ce, "Ai ba ke na kawo wa ba."

Muka dubi Safiya mu biyu. Ta sunkuyar da kai. Mu ba a koya mana mayar da hannun baƙo ba, balle wanda ya girme ka. Ta sa hannu biyu ta karɓa ta ce, "Na gode, Allah ya saka." Da matar ta tashi, Safiya ta jawo sandarta ta raka ta har bakin mota, tana ɗingishi a kan ƙafar da na wanke da safen nan. Ina tsaye a tsakar gida ina jin dariyarsu.

Ta dawo ta wuce ni ta shiga ɗaki. Ta ɗora kwalbar a saman kwaba, can baya. Sannan ta zauna a bakin gado, ta dubi agogo, ta ɗage gefen rigarta ta ce, "Lokaci ya yi, ɗauko allurar."

Na yi mata. Da na gama na ce, "Kawo in zubar da wancan."

Ta ce, "Bar shi. Kyauta ce."

Yanzu ta koma shago, tana cin tuwonta daidai yadda aka auna mata, kumatunta sun fara dawowa. Ba ta ƙara zuwa taron Asabar ba. Kwalbar tana nan a saman kwaba, ba ta buɗe ba, ba ta kuma yarda a taɓa ba. Kullum da safe in ta shiga wanka, nakan taka kujera da gwiwoyin nan nawa, in sauko da ita in duba bakinta ko yana nan a liƙe, in mayar daidai inda take. Sannan in je randa in ɗauko allura.